Ina Mai Saye Zai Kai Kukansa a Minna?

A ƙasan rasit ɗin da masu shagunan waya da kayan lantarki da yawa ke bayarwa a Minna, akwai ɗan layi da Turanci mai cewa kayan da aka saya ba a mayar da su, kuɗin da aka biya kuma ba sa dawowa. Mutane sun daɗe suna ganin layin nan har sun ɗauka doka ce. Ba doka ba ce. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ba wanda ya sayi kaya ya tarar da aibi a jikinsu damar mayarwa cikin wata uku, a gyara masa, ko a canja masa, ko a ba shi kuɗinsa. A 2022 babbar kotun jiha a Enugu ta tabbatar da cewa ƙa'idar "ba ma mayar da kuɗi" ba ta da gindin zama. Wani fasinja ya sayi tikitin naira 1,000 a kamfanin Peace Mass Transit, mota ta daɗe ba ta tashi ba, ya nemi kuɗinsa aka hana shi. Kotu ta sa kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000.

Sai dai fasinjan nan lauya ne. Ya san ƙofar kotu, ya kuma san yadda ake rubuta takarda. Malamar firamare a Maitumbi wadda ta sayi fanka ta ƙone a kwana na uku fa? Ko mai Keke Napep da ya je wurin mai POS a Kpakungu, alat ya nuna an cire masa kuɗi amma ko sisi bai shiga hannunsa ba? Domin irin waɗannan aka kafa hukumomin sauraron ƙorafi, kuma da su ya kamata a auna ko hukumomin suna aiki.

Minna ba ta rasa ofisoshi ba. Tushen babbar hukumar kare masu saye ma yana da alaƙa da garin, domin a 1992, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin, aka yi dokar soja mai lamba 66 da ta kafa majalisar kare masu saye ta CPC, ko da yake ba ta fara aiki ba sai 1999. Ita ce dokar 2019 ta mayar FCCPC, ta ƙara mata ƙarfi, ta kuma kafa mata kotu ta musamman. A Minna aka ajiye ofishinta na shiyyar Arewa ta Tsakiya. Akwai kuma Hukumar Sauraron Ƙorafin Jama'a, PCC, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa a 1975, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya zama shugabanta na farko. Tana da ofishi a kowace jiha, ba ta karɓar ko kwabo, kuma hurumin bincikenta ya haɗa da kamfanoni masu zaman kansu. Bayan su akwai masu sa ido a kan fannoni: Babban Bankin Najeriya a kan bankuna, NCC a kan kamfanonin sadarwa, NAFDAC a kan abinci da magani.

Gaskiyar da ya kamata a fara faɗa ita ce, a wasu wuraren hanyoyin nan suna kai mutum ga haƙƙinsa. Harkar banki ce ta fi nuna haka. Tun watan Yunin 2020 Babban Banki ya ɗaura wa bankuna wa'adi: idan ATM na bankinka ya cire kuɗi bai bayar ba, a mayar nan take, in ya yi tsawo awa 24, idan na wani banki ne, awa 48, rigimar POS kuwa awa 72. Wanda bankinsa ya yi biris da shi zai rubuta ƙorafi, ya karɓi lambar shaida, ya jira mako biyu, sannan ya kai maganar sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Abin da ke sa wannan hanya tasiri a fili yake. Kowace mu'amala tana da lamba da lokaci a kwamfuta, ba a iya musunta ta, kuma wanda ake kai ƙarar wurinsa shi ne mai riƙe da lasisin bankin. Ita ma FCCPC ta sanar cewa tsakanin Maris da Agustan 2025 ta warware ƙorafi 9,091, ta ƙwato wa mutane sama da naira biliyan 10, kuma bankuna ne kan gaba a waɗanda aka fi kai ƙara. Wannan kuɗi ne na gaske da ya koma aljihun masu shi. Amma ƙorafi dubu tara a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 yana nuna cewa mafi yawan waɗanda aka cuta ba su taɓa buga ƙofar ba.

Wutar lantarki ita ce ciwon da ya fi ci wa mutanen Neja tuwo a ƙwarya, kuma da dalili. Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, duk madatsun nan suna jikin jihar, Zungeru kaɗai an gina ta ne don megawat 700. Mutumin da ke kwana cikin duhu a Tunga ko Chanchaga, sannan ƙarshen wata a kawo masa bil na ƙiyasi domin ba shi da mita, yana da haƙƙin ya ji zafi ninki biyu. Ƙa'idojin hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, sun tanadar masa matakai: ya rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin rarraba wuta, kamfanin yana da kwanakin aiki 15 ya warware, in ya gaza a wuce zauren sasanci na hukumar, daga nan kuma hukumar kanta. Ƙa'idojin sun kuma fayyace cewa sayen taransifoma ko turke ko gyaransu ba nauyin masu amfani da wuta ba ne. Duk da haka, unguwa nawa ce ba a taɓa zagayawa gida-gida ana karɓar kuɗin gyaran taransifoma ba?

A nan ma an ga lokutan da hukuma ta ciza. A Fabrairun 2024 NERC ta zaftare wa kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda sun ƙetare iyakar da aka sa wa bil na ƙiyasi, ta kuma umarce su su rage wa waɗanda aka yi wa aringizo abin da aka ɗora musu. A Afrilun shekarar, bayan an ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, kamfanin AEDC, wanda Neja ke cikin yankinsa tare da Abuja da Kogi da Nasarawa, ya caji mutanen da ƙarin bai shafa ba. Cikin 'yan kwanaki aka ci shi tarar naira miliyan 200, aka ce ya mayar wa mutane abin da ya karɓa. Abin lura a nan shi ne yadda maganar ta yi sauri. Dubban mutane ne suka ga abu ɗaya a rana ɗaya, suka yi magana lokaci ɗaya, kowa da shaidar sayen wutarsa a waya. Da mutum ɗaya ne aka yi wa haka a Bosso, ina shakkar a ji labarinsa.

Daga nan ne rauni ke fara bayyana. Hukumomin nan an gina su ne a kan takarda: rasit, lambar mu'amala, wasiƙa, hoton shaida, sau da yawa ta intanet kuma da Turanci. Cinikin da ake yi a Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari kuwa cinikin baki ne. Wanda aka tauye wa mudu, ko aka sayar masa da takin zamani da aka yi wa algus, ko maganin feshi na jabu, ba ya da abin nunawa sai bakinsa. Manomin da ya zuba jabun taki ba zai gane ba sai damina ta yi nisa, lokacin da mai sayarwa ya daɗe da tashi. Ga kuma lissafin da kowane talaka ke yi a zuciyarsa: idan an cuce ni naira dubu uku, kuma zuwa ofis sau biyu zai ci kuɗin mota da yinin aiki, me na ƙwato? Neja ita ce jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Najeriya, da ƙananan hukumomi 25. Mutumin Borgu ko Rijau ba zai taso zuwa Minna saboda batirin sola ba. Sai ya ce ya bar shi da Allah. Ban ga laifin haƙuri ba, amma mai cuta yana sane da shi, yana kuma sa shi cikin lissafin ribarsa.

Ƙarfin hukumomin ma ba ɗaya ba ne. PCC tana iya kiran kamfani, ta nemi takardu, ta yi bincike, amma ƙarshen aikinta shawara ce. Ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma dokarta ta sa wa'adin wata 12 na kawo ƙorafi. Inda take cin nasara, kunya da sasanci ne suka yi aiki. Wanda ya toshe kunnensa, sai dai a nemi wata hanya. FCCPC tana da haƙora, ta kuma nuna su. A Disamban 2023 ta ci kamfanin taba na British American Tobacco tarar dala miliyan 110. A Yulin 2024 ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, kotun gasa ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Waɗannan hukunce-hukunce suna da amfani, domin suna koya wa manyan kamfanoni cewa akwai mai kallonsu. Amma tara asusun gwamnati take shiga. Ba ta gyara fankar malamar Maitumbi.

Akwai kuma abin da mutane ke nema wurin hukumomin alhali ba ya hannunsu. A farkon Fabrairun 2024 mata da matasa suka tare hanyar Minna zuwa Bida a shataletalen Kpakungu saboda tsadar abinci. Kukansu gaskiya ne, amma FCCPC ba ta ƙayyade farashi. Abin da take iya hukuntawa shi ne yaudara da haɗa baki a kan farashi. Shi ya sa da ta rufe kantin Sahad a Abuja a cikin watan, hujjarta ita ce farashin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wurin biya. Idan ba a bayyana wa jama'a wannan iyaka ba, mutum zai kai kukan da ba a iya share masa, ya dawo yana cewa duk ofisoshin banza ne, gobe kuma da aka yi masa cutar da ake iya gyarawa ba zai koma ba.

To ina mutane ke zuwa a zahiri? Wurin Sarkin Kasuwa, ko shugaban ƙungiyar masu sayar da wayoyi, ko mai unguwa, ko limami. Bai kamata a raina wannan hanya ba. Tana da sauri, da harshen mutum ake yi, ba a neman rasit, kuma ɗan kasuwa yana tsoron zubewar mutuncinsa a layinsu fiye da wasiƙar da za ta zo daga wani ofis. Tana da tushe a addini ma, domin fiƙihu ya daɗe da ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Matsalarta ɗaya ce, amma babba: masu yanke hukuncin abokan sana'ar wanda ake ƙara ne, gobe tare za su zauna. Sulhun yakan ƙare da "a raba asara", ko da laifin na gefe ɗaya ne. Kuma ikonta ya tsaya a bakin kasuwa, ba ya kai wa banki ko kamfanin sadarwa.

A ganina babban giɓin yana nan. Masu sayarwa a haɗe suke. Mahauta, direbobi, masu POS, masu burodi, dillalan hatsi, kowa da ƙungiyarsa da shugabansa da asusunsa. Mai saye shi kaɗai yake zuwa, shi kaɗai yake komawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙasashen da mai saye ke da murya, ba gwamnati kaɗai ta ba shi ita ba. A Amurka masu saye sun kafa ƙungiyarsu ta Consumers Union tun 1936, a Ingila aka fara mujallar Which? a 1957, suna gwada kaya da kuɗin mambobinsu suna faɗin sakamako. Indiya kuwa ta bi ta wata hanyar: dokarta ta 1986 ta kafa zauren sauraron ƙarar masu saye a matakin gunduma, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma hukuncin dole ne a bi shi. Mafi kusa da wannan a gida su ne kotunan ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi a 2019, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60.

Ba sai an jira sabuwar doka ba kafin a fara. Ƙungiyoyin unguwanni da ke tara kuɗin taransifoma suna iya tara takardun bil na gida hamsin su kai a ƙorafi ɗaya. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, waɗanda cike fom a waya ba komai ba ne gare su, suna iya zama ranar kasuwa su rubuta wa waɗanda ba su iya ba. Ofisoshin kuma su fito daga bayan tebur: su yi magana a rediyo da Hausa da Nufanci da Gwaranci, su faɗi ƙorafi nawa suka karɓa a Neja, nawa suka warware, cikin kwana nawa, nawa ne ya koma hannun mutane. Hukumar da ba ta faɗin waɗannan alƙaluma ba ta ba kowa hanyar sanin amfaninta ba.

Gwaji mafi kusa yana fannin wuta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, kuma a Janairun 2025 NERC ta ba da umarnin miƙa wannan iko a Neja ga hukumar jihar, NSERC. Ma'anarsa ita ce mai yanke hukunci kan bil na ƙiyasi da yanke wuta ba bisa ƙa'ida ba yanzu a cikin jihar yake, ba a Abuja ba. Abin da mutanen Neja za su tambaye ta shi ne ko za ta buɗe wurin karɓar ƙorafi a Bida da Kontagora da Suleja da New Bussa, ko za ta saurari wanda ya zo da bakinsa da tsohuwar takardar bil kawai, kuma idan ta yanke hukunci a kan kamfani, cikin kwana nawa mutum zai ga kuɗinsa.