Kwana Biyu a Filin Tsere: Gasar Babura ta 'Yan Sha'awa a Birtaniya

Tseren babura na 'yan sha'awa gasa ce ta mutanen da ba da ita suke cin abinci ba. A Birtaniya, daga watan Maris zuwa Oktoba, da wuya ƙarshen mako ya wuce ba a taru a wani fili ba. Masu zuwa kuwa makanikai ne, da malaman makaranta, da masu aikin famfo, da ma'aikatan ofis, maza da mata, kowa ya ɗoro babur ɗinsa a bayan mota. Ba a titin jama'a ake yin galibin wannan tsere ba. Akwai hanyoyin kwalta da aka shimfiɗa musamman aka kewaye, irin su Brands Hatch a yankin Kent, da Snetterton a Norfolk, da Cadwell Park a Lincolnshire. Ƙungiyoyi ne ke shirya gasar, kuma daga cikin mafiya daɗewa akwai wadda ake kira Bemsee, da aka kafa a 1909 a filin Brooklands. Dokoki da lasisi kuma suna hannun hukumar ACU, wadda ta fara aiki tun 1903.

Mallakar babur mai gudu ba ya ba mutum izinin shiga. Sai ya yi rajista da ƙungiya, an gwada ganinsa, ya zauna ajin koyon dokoki, sannan an duba tuƙinsa a kan fili. Idan ya samu lasisin sabon shiga, dole ya riƙa ɗora wata 'yar riga ruwan lemo a kan kayansa, domin wanda ya taho ta baya ya san ɗan koyo ne a gabansa, ya yi masa uzuri wajen wucewa.

Ƙarshen mako na tsere yakan fara ne tun Juma'a, ranar gwaji ga mai hali. Da yamma farfajiyar bayan fili ta cika da motoci da rumfuna da ƙarar janareto. Da yawa a cikin motarsu suke kwana, don kuɗin masauki ya tafi a taya.

Asabar da sassafe sai layin duba babura, kuma a nan ne wanda bai san harkar ba zai gane irin tsananinta. Babur ɗin tsere ba shi da fitila, ba madubi, ba ƙarfen jingina. Ana huda kan notin da ke toshe baƙin mai a ƙasan inji, a zura siririyar waya a murɗe ta a ɗaure, yadda girgiza ba za ta kwance shi ba. A ƙarƙashin inji akwai wani kasko da zai tare mai idan injin ya fashe. A lagireto ruwa zalla ake zubawa, ban da sinadarin hana daskarewa, domin idan ya zube a kwalta santsinsa ya isa ya kayar da duk wanda ya taka. Mai lura zai ga cewa yawancin waɗannan dokoki ba don mai babur ɗin aka yi su ba, don na bayansa ne: cokali kaɗan na mai a tsakiyar kwana na iya zubar da mutum biyar a jere. Shi ma matuƙin ana duba kayansa: rigar fata mai haɗe da wando, hular kwano mai ɗauke da tambarin amincewar hukuma, safar hannu, dogayen takalma, da wani ɗan faranti a wuya mai sunansa da ranar haihuwarsa saboda likitoci. Har ƙarar salansa ana aunawa, don filayen suna da maƙwabta.

An kasa babura aji-aji, kada ƙarami ya kara da babba. Akwai masu inji cc 600 da masu cc 1000, akwai na tsofaffin babura, akwai na matasa. Ajin da sababbi suka fi so shi ne na Suzuki SV650 da makamantansa, inda doka ta taƙaita gyaran inji. Wannan tsari abin yabo ne, domin yana hana mai kuɗi sayen nasara. Idan babura sun yi kusan daidai, hannu da natsuwa ne za su raba gardama.

Bayan duba sai zagayen neman gurbi. Kowane babur na ɗauke da 'yar na'urar da ke aika lokacinsa ga masu ƙidaya, kuma wanda ya fi saurin zagaye shi ke tsayawa a sahun gaba. Kafin fita, ana naɗe tayoyi da wani bargon lantarki har su kai kusan digiri 80, saboda taya mai sanyi ba ta kama kwalta. Idan hadari ya haɗu, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar, sai hankali ya rabu biyu: a sa tayar ruwa mai zurfin zane, ko a bar ta rani? Wanda ya sa ta ruwa kuma hanya ta bushe, kafin a gama ta yi zafi ta cinye.

Tseren kansa gajere ne, bai cika wuce minti 15 ba. Ana jeruwa, jar fitila ta kama, da ta mutu sai babura 30 ko fiye su zabura lokaci guda su nufi kwana ɗaya. A Brands Hatch, inda gajeriyar hanyar ba ta cika kilomita 2 ba, kwanar farko ita ce Paddock Hill, wadda ke karkata dama tana gangarawa ƙasa, matuƙi ba ya ganin ƙarshenta sai ya shiga. Gwaninta ba a murɗa totur take ba, wannan kowa ya iya. Tana wajen sanin inda za a kama birki, da lokacin da za a kwantar da babur har gwiwa ta gogi kwalta, da yadda za a buɗe wuta a hankali wajen fita ba tare da tayar baya ta zame ba. Sabon shiga yakan yi mamakin ganin wani dattijo a kan ƙaramin babur ya wuce shi cikin kwana ba tare da alamar wahala ba.

A kowace kwana akwai masu tsaro sanye da kaya ruwan lemo, kuma 'yan sa-kai ne. Su ke ɗaga tuta: rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, ba a wuce kowa, mai ratsin ja da rawaya na nufin hanya da santsi, ja kuwa an tsayar da tsere. Su ne kuma ke rugawa cikin tsakuwar gefen hanya su janye wanda ya faɗi da babur ɗinsa. Ba a fara tsere sai likita da motar asibiti suna wurin. Duk da haka wasan yana da haɗari na gaske. Karayar ƙashin wuya na gaba da na hannu abu ne sananne, kuma akan rasa rai wani lokaci.

Wanda ya faɗi ranar Asabar bai ji ciwo ba, sau da yawa yakan koma fili ranar Lahadi. Da daddare maƙwabtansa a farfajiya, waɗanda su ne abokan karawarsa da safe, za su kawo masa hannun birki ko matakin ƙafa ko aron sifana, a kwana ana gyara. Idan aka haɗa duka, a kwana biyu mutum bai fi ya yi tsere uku ko huɗu ba, wato abin da bai kai sa'a guda ba, bayan ya biya kuɗin shiga da na taya da na fetur. Ladan wanda ya ci kuwa ɗan kofi ne da maki a teburin gasar shekara.

Da yammacin Lahadi sabon shiga ke samun shaidar cewa ya kammala. Sai ya tara irin wannan na ranaku 10 a filaye uku daban-daban kafin ya cire rigar 'yan koyo. Daga nan wasu kan haura zuwa gasar ƙasa. Barry Sheene, wanda ya zama zakaran duniya a ajin cc 500 a 1976 da 1977, a Brands Hatch ya fara tsere a 1968. Wasu kuma burinsu Manx Grand Prix, gasar da aka faro a 1923 domin 'yan sha'awa a tsibirin Man, inda ake rufe titunan jama'a a yi zagaye mai tsawon kilomita 60 da ɗoriya tsakanin gidaje da katangun dutse. Mafi yawa dai a ƙungiyarsu suke tsayawa, suna tsere shekara da shekaru a aji ɗaya.