Motsa Jiki da Rage Ƙiba: Yadda Za Mu Yi Lissafi

Ƴan'uwa, hawan jini da ciwon sukari ba cututtukan mutanen birni kaɗai ba ne yanzu. Sun shigo ƙauyukanmu, kuma yawan ƙiba na cikin abubuwan da ke buɗe musu ƙofa. Mutane da yawa da ma'aikatan lafiya suka ce su rage nauyi suna tambayarmu: tafiya nawa zan yi kafin teɓa ta ragu? Bari mu yi lissafin tare.

Mene ne kalori?

Kamar yadda muke auna hatsi da mudu, haka ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori. Jiki yana ƙona shi dare da rana, ko muna barci, domin numfashi da bugun zuciya. Abin da muka ci ya wuce bukata, jiki yakan ajiye shi ya zama kitse. Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700.

Yadda ake lissafi

Mutumin da ke zaune yana ƙona kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa ɗaya. Masana sun ba kowane aiki lamba bisa yadda ya ninka zama. Zama 1 ne. Tafiyar ƙasa da ɗan sauri wajen 3.5 ce. Noma da fartanya ko daka a turmi wajen 5. Gudu yakan kai 8 ko fiye.

Sai mu ɗauki lambar aikin, sau nauyinmu a kilo, sau awannin da muka yi. Misali, mace mai kilo 80 ta yi tafiyar rabin awa: 3.5 sau 80 ya ba da 280, rabinsa 140. Amma da ta zauna a gida ma, da ta ƙona 40. Ribar tafiyar ke nan kalori 100. Idan ta yi haka kwana 5 a mako, ta sami 500. Kafin ta kai 7,700 za ta yi wajen mako 15, muddin ba ta ƙara cin abinci ba.

Yanzu mu duba ɗaya gefen. Lemon kwalba guda yana da kalori wajen 150. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da wajen 120. Wato lemo ɗaya da muka sha don mun gaji ya shafe tafiyar ranar, har da bashi.

Lissafin kimantawa ne kawai

Jiki ba injin niƙa ba ne. Idan muka ƙara aiki, yunwa takan ƙaru, jiki kuma yakan rage kashe ƙarfi ta wasu hanyoyi. A shekarar 2012 wani masani mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun fitar da binciken da suka yi a kan mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya, masu yini suna yawon farauta da neman abinci a daji. Sun tarar cewa, idan aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da suke ƙonawa a rana kusan ɗaya ne da na mutanen Amurka da Turai. Saboda haka motsa jiki shi kaɗai ba ya saurin rage nauyi, sai an haɗa da gyara abinci.

Wannan ba dalilin zama ba ne. Tafiya tana saukar da hawan jini, tana taimaka wa jiki sarrafa sukari, ko da sikeli bai motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Alamar matsakaici ita ce muna iya magana amma rera waƙa tana mana wuya.

Abin da za mu yi

Mu rage lemon kwalba, sukarin shayi da koko, da soye-soye. Mu ƙara ganye kamar zogale da rama. Da rani, lokacin da aikin gona ya ragu, mu rage malmalar tuwo, mu riƙa zuwa kasuwa da ƙafa maimakon hawa babur. Mu auna ƙugu da igiya: kada ya wuce rabin tsawonmu.

Wannan shawara ba ta shafi yara, mata masu ciki ko masu shayarwa ba. Wanda kuma yake ramewa ba da niyya ba, musamman da tari ko yawan fitsari da ƙishi, ya je asibiti a gwada shi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin ma'aikacin lafiya, kuma kada ya daina shan maganinsa don ya fara tafiya.