Bel ɗin mota ƙashi yake nema, ba tumbi ba

A tashoshin motar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ana yawan cewa bel na fasa hanji idan aka yi haɗari. Maganar ba ƙarya ba ce zalla, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Likitoci sun san irin wannan rauni, sai dai galibi ɗaurin ne bai yi daidai ba. Bel ɗin da Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959, wanda ke cikin motocinmu yau, an yi shi ne don ya kwanta a kan ƙashi: igiyar ƙasa ta ratsa ƙugu daf da saman cinya, ta sama ta bi tsakiyar kafaɗa da ƙirji. Idan ta ƙasa ta hau tumbi, ko aka cusa ta sama ƙarƙashin hamata don kada babbar riga ta yamutse, nama ne zai sha bugun da aka tanadar wa ƙashi. Mai juna biyu ma ba cirewa za ta yi ba, ƙasan ciki za ta saukar da igiyar.

Don haka "ai yaron ya girma" ba hujja ba ce ta ɗaura masa bel ɗin manya. Tsayi ake dubawa, kuma bel ɗin manya kan fara zama daidai ne tsakanin santimita 135 zuwa 150. A zaunar da yaro bayansa manne da kujera. In gwiwarsa ba ta lanƙwashe a bakin kujerar ba, ko igiyar ta hau wuyansa, da saura, sai an sa masa kujerar ƙara tsayi. Rungume shi a cinya kuwa yaudarar kai ce, don karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kuma babu hannun da zai iya riƙe shi. Haka fasinjan kujerar baya da bai ɗaura ba, kan direba zai faɗa.

Uzurin da ya fi nauyi a yankin nan shi ne na ƴan bindiga: in aka tare hanyar Zurmi zuwa Jibiya, wai bel zai hana mutum gudu. Tsoron gaskiya ne, lissafin ne kuskure. Kwance bel bai wuce danna maɓalli ɗaya ba, alhali wannan tsoron ne ke sa direbobi sheƙa gudu a kan ramuka, kuma wanda ya buga kai da gilashi ya suma ba ya tsere wa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa bel na rage mutuwar mazauna gaba da kusan rabi.

Inda fasinja ke da gaskiya shi ne lodi. Mutum biyu a kujerar gaban motar Golf, huɗu a baya, bel ɗaya ba ya ɗaure biyu. Tun Janairun 2003 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke tilasta ɗaura bel, amma abin da direbobi da yawa suka koya shi ne rataya shi a kafaɗa in sun hango jami'ai, ba tare da sun maƙala shi ba.