Ƙidayar Amurka da Tambayar da Ke Sa a Rufe Ƙofa

A watan Maris na 2018, Sakataren Kasuwanci na Amurka na lokacin, Wilbur Ross, wanda Hukumar Ƙidaya ta ƙasar ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, ya sanar cewa za a ƙara tambaya guda a fom ɗin ƙidayar 2020: shin wannan mutum ɗan ƙasar Amurka ne? Duk wanda ya ji ta a karon farko zai ce ai babu abin jayayya a nan, tun da ba a hana gwamnati sanin yawan 'yan ƙasarta. Amma sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli, ta raba alƙalai gida biyu, kuma har yanzu ba ta kwanta ba, domin masu son tambayar na neman dawo da ita kafin ƙidayar 2030. A ganina Amurka na da haƙƙin sanin adadin 'yan ƙasarta, tana kuma da hanyoyin saninsa. Sai dai fom ɗin da ake aika wa kowane gida sau ɗaya a shekara goma shi ne wuri mafi muni da za a ajiye wannan tambaya, saboda tana ɓata aikin da aka ƙirƙiri ƙidayar dominsa.

Wannan aiki a rubuce yake cikin kundin tsarin mulkin ƙasar. Tun 1790 ake ƙirga jama'a duk shekara goma, don a raba kujerun Majalisar Wakilai tsakanin jihohi gwargwadon yawan mutanensu. Bayan yaƙin basasa da soke bauta, gyara na 14 da aka yi wa kundin a 1868 ya ce a ƙirga ɗaukacin mutanen da ke kowace jiha. Kalmar da aka yi amfani da ita "mutane" ce, alhali a cikin gyaran nan ɗaya an ambaci 'yan ƙasa a wasu wuraren, wato masu rubutun sun san bambancin kalmomin biyu, suka zaɓi wadda suka zaɓa. A yau kujerun 435 ne, ba sa ƙaruwa, don haka ribar wata jiha asarar wata ce. Da wannan rabo ake fitar da yawan wakilan kowace jiha a kwalejin da ke zaɓen shugaban ƙasa, da shi ake shata mazaɓu, kuma alƙaluman ƙidaya ne ke nuna inda kuɗin gwamnatin tarayya fiye da dala tiriliyan ɗaya da rabi za su nufa kowace shekara, a hanyoyi da makarantu da lafiya da tallafin abinci. Kuskure kaɗan kan jawo babbar asara. A ƙidayar 2020, wadda ta sami mutum sama da miliyan 331, jihar New York ta rasa kujera guda saboda gibin mutum 89 kacal. Da an ƙirga mata waɗannan 89, da Minnesota ce ta rasa kujerar.

Masu goyon bayan tambayar suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu su. Suna cewa tambayar tsohuwa ce: an yi wani nau'inta tun 1820, an ci gaba da yin ta a ƙidayoyi da dama har zuwa 1950. Suna cewa ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya suna tambayar hakan ba tare da hayaniya ba, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa batun zama ɗan ƙasa cikin abubuwan da take ba ƙasashe shawarar tattarawa a ƙidaya. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika ƙarawa a kai ba shi ne dalilin da ya sa aka daina tambayar kowane gida bayan 1950. Masana ƙididdiga sun gano cewa gajeren fom ya fi samun amsa, kuma ana iya sanin cikakkun bayanai ta hanyar tambayar wani ɓangare na jama'a da aka zaɓa bisa ƙa'ida. Daga 1970 zuwa 2000 tambayar tana cikin dogon fom da ake aika wa gidaje kaɗan, kamar gida ɗaya cikin shida a shekarar 2000. Daga 2005 kuma ta koma cikin wani binciken da hukumar ke yi ba tsayawa, wanda ke isa ga adireshi kusan miliyan uku da rabi a kowace shekara. Ke nan Amurka ba ta daina tattara wannan bayani ba. Cire shi kawai ta yi daga ƙirgen kawuna.

Abin da ya sa raba su ke da muhimmanci shi ne yadda gidajen baƙi suke a zahiri. Mutum sama da miliyan 20 ne ke zaune a Amurka ba tare da zama 'yan ƙasa ba, da yawansu kuma suna da cikakkiyar takardar zama: ɗalibai, likitoci, ma'aikata, masu katin zama na dindindin. Sannan gida ɗaya kan haɗa kowane iri. Za ka tarar uba ba shi da takarda, uwa tana da izinin zama, 'ya'ya uku kuma an haife su a can, 'yan ƙasa ne cikakku. Mutum ɗaya ke cike fom a madadin kowa. Idan tsoro ya kama shi, ko dai ya jefar da fom ɗin, ko ya rubuta sunayen wasu ya bar wasu. A hali na farko yaran nan uku 'yan ƙasa sun ɓace daga lissafi tare da iyayensu. Hukumar kan aika ma'aikata su ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta amsa ba, in an yi ta zuwa ba a buɗe ba sai a tambayi maƙwabci ko mai gidan haya, in hakan ma ya gagara sai a ƙiyasta. Kowane mataki daga cikin waɗannan ya fi wanda ya gabace shi yawan kuskure, domin maƙwabci ba lalle ya san mutum nawa ke kwana a ɗakin da ke jikin nasa ba.

Masanan hukumar da kansu ne suka fara yin wannan gargaɗi. A watan Janairun 2018 babban masanin kimiyya na hukumar, John Abowd, ya rubuta cewa ƙara tambayar zai ci kuɗi, zai rage ingancin ƙidayar, kuma bayanin da za a samu ba zai kai ingancin wanda ke cikin kundayen gwamnati ba. Ƙiyasinsu na farko ya nuna amsar gidajen da ke da wanda ba ɗan ƙasa ba za ta ragu da kashi 5.1 cikin ɗari, daga baya suka ɗaga shi zuwa kimanin kashi 8. Akwai abin da za a iya kawowa a kan wannan: wani gwaji da hukumar ta yi a 2019 a gidaje kusan 480,000 ya nuna bambancin amsa tsakanin fom mai tambayar da marar ita ƙarami ne idan aka duba ƙasar baki ɗaya. Amma gwajin ya nuna raguwar ta fi fitowa a unguwannin da 'yan asalin Latin Amurka da baƙi suka yi yawa, kuma yawan fom ɗin da aka mayar ya auna, bai iya auna mutanen da aka ɓoye cikin fom ɗin da aka mayar ba. A rabon kujeru, kuskuren da ya bazu daidai a ko'ina ba ya cutar da kowa sosai. Wanda ya taru a jihohi da birane ƙalilan shi ne ke sauya sakamako. Ko ba tare da tambayar ba, binciken da hukumar ta yi bayan ƙidayar 2020 ya nuna an tsallake kusan kashi 5 cikin ɗari na 'yan asalin Latin Amurka da kashi 3.3 na baƙar fata, yayin da aka ƙirga fararen fata fiye da adadinsu.

Za a ce ai tsoron ba shi da tushe, tun da doka ta hana hukumar miƙa amsar kowa ga jami'an shige da fice ko 'yan sanda, ma'aikacin da ya tona kuma zai iya shan ɗaurin shekara biyar ko tarar dala 250,000. Dokar tana da ƙarfi, kuma ya kamata a yaba mata. Sai dai majalisar da ta yi doka ita ke iya sassauta ta, an kuma taɓa yi. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi dokar da ta buɗe bayanan ƙidaya ga wasu hukumomi, aka yi amfani da alƙaluman unguwa-unguwa wajen tattara mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu 'yan ƙasar Amurka, aka tsare su a sansanoni. Binciken da masana Margo Anderson da William Seltzer suka fitar a 2007 ya nuna har sunaye da adireshin wasunsu an miƙa. Mutumin da ke ganin ana kama maƙwabtansa ana mayar da su ƙasashensu ba zai zauna yana nazarin sassan doka ba kafin ya yanke shawara. Ga mai ƙirga, tsoro mai tushe da marar tushe illarsu ɗaya ce, domin duka biyun suna hana a buɗe ƙofa.

Wani abin da ya kamata a lura da shi shi ne tambayar ba ta ma samar da amsar da ake nema. Da aka gwada amsoshin binciken shekara-shekara da kundayen gwamnati, an ga kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda kundayen suka nuna ba 'yan ƙasa ba ne sun rubuta cewa su 'yan ƙasa ne. Shi ya sa masanan suka ba da shawarar a haɗa bayanan hukumomin fansho da haraji da shige da fice, a sami adadi mafi inganci a kan kuɗi kaɗan. Ross ya ƙi wannan shawara, ya ce Ma'aikatar Shari'a ce ta roƙi tambayar don aiwatar da dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965. Amma an shafe fiye da shekara hamsin ana aiwatar da dokar ba tare da tambayar tana kan fom ɗin kowane gida ba, takardun da suka fito a kotu kuma suka nuna Ross ne ya fara neman tambayar, daga baya aka nemo ma'aikatar da za ta roƙa. A ranar 27 ga Yunin 2019 Kotun Ƙoli, da rinjayen biyar da huɗu, ta tsayar da shirin. Babban Alƙali John Roberts ya rubuta cewa kundin tsarin mulki bai hana yin tambayar ba, amma dalilin da gwamnati ta bayar ƙirƙirarre ne. Gab da hukuncin, wasu takardun Thomas Hofeller, gwanin shata mazaɓu na jam'iyyar Republican da ya rasu a 2018, suka fito fili. A wani nazari da ya yi a 2015 ya nuna cewa shata mazaɓu da yawan 'yan ƙasa masu shekarun zaɓe zai amfani jam'iyyarsa da fararen fata, kuma hakan ba zai yiwu ba sai ƙidaya ta yi wannan tambaya.

A nan ainihin rigimar take, kuma ta cancanci a yi ta a fili. Akwai Amurkawa da dama da suka yi imani, da zuciya ɗaya, cewa bai dace jihar da ke da baƙi masu yawa, irin Kalifoniya, ta sami ƙarin kujeru da ƙarin ƙuri'u a zaɓen shugaban ƙasa saboda mutanen da ba sa zaɓe ba. Mai zaɓe a jihar da baƙi ba su da yawa zai iya cewa an rage nauyin ƙuri'arsa, kuma lissafinsa ba ƙarya ba ne. Amsar ita ce wakilci a tsarin Amurka bai taɓa tsayawa kan masu zaɓe kaɗai ba. Ana ƙirga jarirai da yara. An ƙirga mata fiye da shekara ɗari kafin a ba su damar zaɓe a faɗin ƙasar a 1920. Baƙon da ke zaune a Houston yana biyan haraji, yana bin dokar da ɗan majalisa ya yi, 'ya'yansa na zuwa makarantar unguwa, motar kashe gobara kuma ba ta tambayar takarda kafin ta fito. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016, a wata shari'a daga Texas, cewa jiha na iya shata mazaɓunta da yawan mazauna baki ɗaya, domin wakili na kowa ne, har da wanda bai isa ko bai cancanci zaɓe ba. Wanda ke ganin wannan ƙa'ida ta tsufa yana da hanya, wato ya nemi a gyara kundin tsarin mulki, ya shawo kan kashi biyu cikin uku na majalisa da kashi uku cikin huɗu na jihohi. Umarnin da Donald Trump ya bayar a Yulin 2020 na a cire baƙin haure daga rabon kujeru, wanda Joe Biden ya soke ranar da ya hau mulki, da ƙudiri makamancinsa da Majalisar Wakilai ta amince da shi a 2024 amma bai wuce Majalisar Dattawa ba, duk ƙoƙari ne na kaucewa wannan doguwar hanya.

Batun Kanada da Ostireliya kuwa, nauyin tambaya ya danganta da ƙasar da aka yi ta da abin da amsarta ke jawowa. Mai karatu a Nijeriya ya san haka sarai. Bayan rikicin ƙidayar 1962 da 1963 da soke ta 1973, ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba, duk da cewa ƙasashe da yawa na tambayar su lami lafiya, kuma masu bincike na matuƙar son sanin amsar. An ga cewa waɗannan tambayoyi biyu za su mayar da ƙirgen gasa tsakanin ɓangarori, sai aka haƙura da su don a tsira da adadin. A Amurka ta yau, inda batun baƙi ya zama kan gaba a yaƙin neman zaɓe, tambayar zama ɗan ƙasa ita ke da wannan zafi, kuma asarar da za ta jawo ba ta tsaya kan jam'iyya ɗaya ba. Texas da Florida, waɗanda suka sami ƙarin kujeru a 2020 kuma Republican ke mulkinsu, suna cikin jihohin da binciken bayan ƙidaya ya nuna an ƙirga ƙasa da adadinsu, kuma suna cikin waɗanda suka fi yawan gidajen baƙi da za su yi shiru in an tambaya.