Lambobi 48 Da Ke Tsakaninka Da Aikinka

  Shirinmu na yau na masu kwamfutar tafi-da-gidanka ne, da kuma masu gyaranta.

Mu ɗauki misalin ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda. Kwamfutarsa ta yi nauyi, sai ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, an ɗora sabuwar Windows. Ɗalibi ya ce a kula da furojet ɗinsa, aka ce masa kada ya damu, ai aikin yana ɓangaren D, ɓangaren C kawai za a share. An gama, kwamfuta ta tashi garau. Da ya zo buɗe D, sai ya tarar da hoton kwaɗo, ana neman lambobi 48. Bai taɓa jin labarinsu ba, balle ya adana su.

Sunan wannan kwaɗo BitLocker. Kamfanin Microsoft ya fito da shi tare da Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007. Aikinsa shi ne dagula duk abin da ke cikin ma'ajiyar kwamfuta, yadda ko ɓarawo ya cire ta ya jona a wata na'ura, ba abin da zai iya karantawa. Tsari ne mai amfani, kada a ji na ce ba shi da kyau. Duk wanda ke yawo da bayanan albashi, ko sunayen marasa lafiya, ko sakamakon jarrabawa a kan hanyoyinmu, yana buƙatarsa.

To me ya sa yake kulle mai kaya a waje? A cikin kwamfutocin zamani akwai wata 'yar na'ura da ake kira TPM, ita ke riƙe da makullin ɓangaren C. Duk lokacin da aka kunna, tana duba ko komai yana nan yadda ta san shi. In an taɓa saitin BIOS, ko an sauya babban allon kwamfutar, ko an share abin da ke cikin ita TPM ɗin, sai ta ƙi sakin makulli, shuɗin allo ya bayyana yana neman lambobin nan 48. Shi kuwa ɓangaren D, makullin da ke buɗe shi kai tsaye a cikin tsohuwar Windows yake zaune. Kamar mutum ne ya rataye makullin ɗakin ajiyarsa a zaure, sannan ya sa aka rushe zauren aka kwashe ƙasar. Ɗaki yana nan, kaya suna ciki, amma babu hanyar shiga.

A da, sai wanda ya nemi wannan kulle da kansa, ko ma'aikacin babban kamfani, yake cin karo da shi. Yanzu abin ya sauya. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta sa TPM cikin sharuɗɗanta. Sannan daga sabuntawar 24H2 ta 2024, kwamfutoci da yawa na kulle kansu da zarar an ɗora sabuwar Windows an shiga da asusun Microsoft. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kuma tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare, don haka masu zuwa a sauya musu sun ƙaru.

Ga inda abin ya fi damuna, masu sauraro. Idan kullen ya kama, lambobin nan 48 suna tafiya ne cikin asusun da aka shiga da shi. To asusun wa? Sau da yawa mai gyara ne, don ya yi sauri, yake shiga da imel ɗinsa, ko ya ƙirƙiri wani a tsaye wanda shi kansa ba zai tuna da shi ba bayan mako guda. Ka biya kuɗi, ka ɗauki kayanka, amma makulli yana hannun wani. Haka wanda ya sayo kwamfuta ta hannu a Gusau, ko a titin Beirut da ke Kano: in ta fito ne daga wani ofis na ƙasar waje ba a share ta ba, makullinta yana can wurin mutanen da ba zai taɓa gani ba.

Kada kuma wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai fasa. In babu makullin, Microsoft da kansa ba ya iya ƙirƙiro maka wani. Abin da ya rage shi ne a share komai a fara daga farko, na'ura ta dawo, aiki ya tafi. Manya ma sun ɗanɗana. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, har jiragen sama suka kasa tashi. Gyaran bai da wuya, amma a wurare da dama sai da aka nemo lambobin kowace kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

Mu a nan muna da ƙarin dalilin yin hattara. Ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, aka yi makonni babu sabis. Makullin da ke intanet kaɗai, ranar da babu intanet, daidai yake da babu. Shi ya sa nake cewa takarda da biro. Tun kwamfutarka tana lafiya, ka shiga asusunka na Microsoft, ka je sashen na'urori, ka nemo makullin. Rukuni takwas ne, kowane lamba shida. Ka rubuta su a natse, tare da alamar shaidar da ke gefensu, domin ita ce za ta nuna maka wanne ne na wace ma'ajiya. Ka ajiye takardar inda kake ajiye takardun makaranta ko na gona, ba cikin jakar kwamfutar ba. Muhimmin aiki kuma a kwafe shi a filash kafin a kai gyara.

'Yan'uwana masu gyara, amana ce aka kawo muku. Kafin ku share komai, ku duba ko akwai kwaɗo a kan wani ɓangare. In akwai, ku nemi makullin, ko ku kwance kullen tukuna, ko da hakan zai ci awanni. Ku bar mai kaya ya shiga da asusunsa da hannunsa.

Kai kuma mai sauraro, in kana da kwamfuta, ka duba ta yau kafin ka kwanta.