Daga Filin Ƙanƙara Zuwa Ɗakin Likita

Yau za mu yi tafiya mai nisa zuwa ƙasar Kanada, inda sanyin hunturu yake sa ruwan tafki ya daskare har mutum ya yi gudu a kansa. Labarin wata mace za ku ji, sunanta Hayley Wickenheiser. Ta yi shekara 23 tana yi wa ƙasarta wasa, sa'an nan da ƙarfin wasa ya ja baya ta koma aji, ta fito likita tana da shekara 42. Uwargida da 'yar makaranta, kowaccenku tana da rabo a cikin wannan labari.

Kafin mu shiga, bari ku san irin wasan. Wadda ta yi makarantar kwana watakila ta san hoki, wanda ake bugawa a fili da sanda mai lanƙwasa. To, na mutanen Kanada a kan ƙanƙara ake yinsa. Filin ya kai tsawon mita 60. 'Yan wasa suna sa takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, da su suke sulɓi a guje. Maimakon ƙwallo, wani baƙin faifan roba ne mai tauri ake kora da sanda zuwa raga. Kowane ɓangare mutum 6 ne har da mai tsaron gida, ana kuwa yin wasan zubi 3, kowane zubi minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a fili sai a canja shi ya huta. Karaya da targaɗe da zubar haƙori duk ba baƙon abu ba ne a cikinsa.

An haifi Hayley ran 12 ga Agusta 1978 a Shaunavon, wani ɗan gari a lardin Saskatchewan wanda mutanensa ba su cika 2,000 ba. Iyayenta duka biyu malaman makaranta ne. Idan hunturu ya shigo, mahaifinta yakan malala ruwa a bayan gida ya daskare, yaran unguwa su taru suna wasa. A nan ta fara tun tana shekara 5. Da yake babu ƙungiyar 'yan mata a garin, sai aka sa ta cikin ta yara maza, da su kuwa ta yi ta bugawa har ta kai shekara 13.

Kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Ita da kanta ta sha ba da labarin yadda take rage gashinta don kada a gane yarinya ce, da yadda ba ta da ɗakin sauya kaya kamar sauran yara, sai ta raɓe a wani lungu. Wasu iyayen ma daga wurin kallo suke yi mata baƙar magana, don suna ganin ta tare wa 'ya'yansu maza wuri. Abin da ya riƙe ta shi ne gida. Uwa da uba suka tsaya mata, suna kai ta suna ɗauko ta, daga baya kuma iyalin suka koma birnin Calgary inda akwai ƙungiyoyin 'yan mata.

A 1994, tana da shekara 15, aka ɗauke ta cikin ƙungiyar mata ta ƙasa, tare da waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba. A shekarar suka ci gasar duniya. A 1998 aka fara sa hokin mata cikin wasannin Olamfik, a Nagano ta ƙasar Japan. Kowa ya sa rai Kanada ce za ta ɗauki zinariya, amma Amurka ta doke su da ci 3 da 1, suka koma gida da azurfa. Bayan shekara 4 aka sake karawa a Salt Lake City, cikin Amurka ɗin kanta. Kafin ranar, Amurkawa sun ci su sau 8 a jere. Duk da haka ranar ƙarshe Kanada ta yi nasara da ci 3 da 2, aka kuma zaɓi Hayley gwanar gasar. Daga nan sai zinariya ta bi zinariya: Turin ta Italiya a 2006, Vancouver a gida a 2010, da Sochi ta Rasha a 2014. A Sochi ita ta riƙe tutar ƙasarta ranar buɗe taro, ta kuma buga gasar da karaya a ƙafa. Bugu da ƙari, a 2000 ta je Olamfik na bazara a Sidni ta Ostareliya, ta yi wa Kanada wani wasan dabam na sanda da ƙwallo.

Ga wani abu da ya kamata ku lura da shi. A zamaninta maza gwanayen hoki suna kwasar miliyoyin daloli, alhali kuwa mata ba su da gasar da za ta biya su albashin da zai riƙe gida. Sai a Janairu 2024 aka buɗe babbar gasar mata mai biyan cikakken albashi a Kanada da Amurka, shekara 7 bayan ta bar wasa. Saboda haka a 2003 ta tafi ƙasar Finlan ta shiga wata ƙungiyar maza mai suna Salamat. A wasan maza an yarda a bangaje mutum da gangan a haɗa shi da bango, abin da dokar wasan mata ta duniya ta hana. Ta jure, ta kuma zama mace ta farko da ta jefa faifai a raga a gasar maza ta masu cin albashi. Daga baya ta sake yin irin wannan zama a ƙasar Suwidin.

Duk wannan fa tana da yaro a hannu. Tun tana 'yar shekara 20 da 'yan kai ta ɗauki riƙon wani jariri, ta yi masa uwa. Ranar da suka ci zinariya a 2002 da shi ta shiga fili a hannu. Watau ta san tashin dare, ta san zazzaɓin yaro, ta san yadda ake raba rana ɗaya tsakanin aiki da reno, kamar yadda kowaccenku ta sani.

To, ina maganar likita ta samo asali? Ta ce tun tana kimanin shekara 10 wata ƙawarta mota ta kaɗe ta. Da take zuwa dubiya asibiti ta ga yadda likitoci da ma'aikatan jinya suke ɗawainiya da yarinyar, sai abin ya zauna mata a rai. Yawon wasa ya yi ta katse mata karatu, amma ba ta jefar da littafi ba. A 2010, tana da shekara 32, ta shiga Jami'ar Calgary ta zauna aji ɗaya da yaran da ta ba shekara 10 ko fiye. A 2013 ta sami digiri kan ilimin motsin jikin ɗan Adam, a 2016 ta ƙara na biyu. A yawancin Kanada sai mutum ya yi karatun jami'a tukuna ake ɗaukarsa makarantar likita, don haka waɗannan shekaru su ne tsanin da ta taka.

A Janairu 2017 ta ajiye sanda. Ta buga wa Kanada wasa 276, ta ci 168, ta kuma miƙa wa abokan wasa 211 suka ci. Lambobin zinariya na Olamfik 4, na gasar duniya 7. Mai irin wannan suna tana iya zama a gida ana zuwa gaishe ta. Ita kuwa a 2018, tana gab da cika shekara 40, sai ta shiga makarantar likita ta wannan jami'a, ta zama ƙaramar ɗaliba mai bin manya a baya da takarda a hannu. Gemu dai ba ya hana ilimi. A shekarar ce kuma ƙungiyar maza ta Toronto Maple Leafs ta ɗauke ta aikin kula da horon matasan 'yan wasa, a 2022 ta ɗaga ta zuwa mataimakiyar babban manaja.

Amfanin karatun ya fito tun kafin ta gama. A Maris 2020 annobar korona ta bazu, manyan Olamfik kuwa suna cewa wasannin Tokiyo suna nan daram. Hayley tana cikin kwamitin 'yan wasa na hukumar, tana kuma ganin marasa lafiya da idonta a asibiti. Ta fito fili ta ce ci gaba da shirin rashin tunani ne da rashin tausayi. Ba a daɗe ba Kanada ta ce ba za ta tura 'yan wasanta ba, aka ɗaga wasannin zuwa 2021. A wannan shekara ta 2021 ta karɓi takardarta ta likita, ta tafi Toronto neman ƙwarewa.

Yanzu ke 'yar makaranta, ki duba da kyau. Gudu da ƙarfi da kyan jiki duk aro ne, shekaru suna zuwa su karɓi abinsu. Wannan mata ta fi kowa a sana'arta, amma tana da shekara 38 sana'ar ta ƙare. Abin da ta tara a ka shi ne ya buɗe mata ƙofa ta biyu. Ko mene ne gwanintarki, wasa ne ko ɗinki ko saye da sayarwa, ki yi shi da gaske, amma kada ki bari ya raba ki da aji.

Ke kuma uwargida da aure ko haihuwa ya tsayar miki da karatu, ki ƙirga: tsakanin ranar da Hayley ta yi burin zama likita da ranar da ta zama, shekara 30 ne da ɗoriya. Ba lalle sai likita ba. Ajin manya, makarantar ungozoma, kwas ɗin malanta, duk hanya ce. Ki yi shawara da maigida cikin ladabi, ki tsara aikin gida, ki fara ko da awa ɗaya ce a rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyaye mata kuwa, ku tuna da malaman nan biyu na Shaunavon. Sun ga baiwa a jikin 'yarsu, suka tsaya mata lokacin da mutane suke surutu. Idan kin ga ɗiyarki da basira, ki zama ta farko da za ta ƙarfafa ta, ki riƙa tambayarta abin da aka koya musu yau, ki rage mata talla da aike lokacin jarrabawa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun sake saduwa.