Wuri, Kuɗin da Ya Taɓa Numfashi

Duk mai cewa "wuri na gugar wuri" yana ambaton gidan wata halitta ce da ba a taɓa ganinta da rai a Sakkwato ba. Wuri, ko ijiya a bakin Sakkwatawa, ɓawon wani ƙaramin dodon koɗi ne na teku, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Yana kiwo a kan duwatsun bakin ruwa, yana kankarar gansakuka.

Ƙyallin nan nasa ba aikin hannu ba ne. Dabbar tana da wata fata mai laushi da take fiddowa ta gefe biyu, ta lulluɓe ɓawon ta waje, tana ƙara masa rufi a kan rufi. In ta ji motsi sai ta zuƙe, ta shige ta siririyar tsagar nan mai haƙora. Da ƙuruciya ɓawon a murɗe yake kamar na sauran dangi. Sai ta girma leɓen yake naɗewa ciki. Macen kuwa kwanci take yi a kan ƙwanta har ya ƙyanƙyashe.

A tsibiran Maldibas, kudu da Indiya, inda ake kamo shi, ganyen kwakwa ake jefawa a ruwa. In dabbobin sun maƙale a kwaso, a bar naman ya ruɓe, a wanke ɓawon a loda jirgi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da wannan ɓawo aka yi ciniki a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, lokacin da Bature matafiyi Clapperton ya iso Sakkwato a 1824. Wani Baturen, Barth, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. A ƙasa ake zube shi, a ja biyar-biyar da yatsu, 20,000 su cika keso. Mai babban ciniki dole ya nemi jaki. Da fataken Jamus suka fara kwararo da na Zanzibar, sai darajarsa ta zube, har Turawan mulki suka hana shigo da shi a 1904.

Bai bar kasuwa ba, rumfa ya sake. Yanzu sai wajen masu maganin gargajiya, kusa da saiwoyi da fatu. Boka ya watsa shi ya yi duba, ɗan caca ya jefa ya ƙirga masu kife da masu rigingine, baduku ya ɗinka shi a jikin laya, bayan an fasa masa doro don zare ya samu hanya.